Kafin Gawo Ya Zubda Ganye

Tun hantsi rana ta zare wuƙa a Maradi.
Kwanon ɗaki na ƙara shi kaɗai, ƙas, ƙas,
kamar mai lissafin bashi.
Kuran ya tafi da asuba bai yi sallama ba,
fanka ta tsaya, hannuwanta uku a sake.

Na jiƙa buhun gyaɗa na naɗa wa randa,
na ja ta gindin bedi inda iska ke ratsawa.
Na san halinta: in ta yi gumi ta waje,
cikinta sanyi, kamar zuciyar mai haƙuri.

Baba Nomau na kan tabarma, wai ba ya jin ƙishi.
Haka tsufa yake, yana binne ƙishi
yadda yashin Gulbi ke binne ruwa.
Ba ni gardama da shi.
Moɗa nake miƙawa, in ce, ɗanɗana mini, Baba,
anya ruwan nan bai yi warin ƙasa ba?
Ya kurɓa, ya ce lafiyarsa lau.
An jima in sake tambaya.
Sau tara muke wannan shari'a kafin la'asar,
shi ke da gaskiya, ni ke ci.

Jaririyar Habsu mun tuɓe mata rigar suna mai ƙyalli.
Zane shara-shara ya ishe ta,
da nono, da nono kuma.

Tsahiru ne bai ji ba.
Na ce, ɗan'uwa, bari azahar ta karye,
ba jakar da ta kai ranka.
Ya ce ɗan kabu-kabu ba ya tuwo da inuwa.
Ya buga babur, kai ba hula.

Sauran labarin a bakin Cima mai fura muka ji.
Ta ce a bakin Kadro ya tsaya,
yana kiran fasinja da sunan innarmu,
shekara shida da rasuwa.
Jiki kamar tanda, ba ɗigon gumi ko ɗaya.
Sai ya zame,
kamar riga ta faɗo daga igiya.

Cima ba ta tsaya ga salati kaɗai ba.
Ta kira ƴan dako suka ja shi cikin rumfa,
ta ɓalle maɓallai, ta juye bokitinta
a wuya, a hammata, a ƙirji,
ta zare faifan kan fura tana fifita.
Wani ya kawo gora zai ɗura masa,
ta buge hannun:
wanda bai farka ba ba a ba shi ruwa,
so kake ya shaƙe?
Ku nemo mota, sai likita!

Leda biyu aka ƙara masa
kafin ya gane fuskata.

Yanzu da sassafe yake fita,
ya dawo kafin inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa,
gora a ɗaure bayan babur,
bisa kai malfar da ya sha yi wa dariya.
Kullum yamma shi ke kai Cima gida Mokoyo.
Ta miƙo kuɗi, ya kau da ido.

Da magariba muna yayyafa wa tsakar gida,
ƙasa ta yi ajiyar zuciya.
A kaɗe tabarmi, kunama ma sanyi take nema.
A ɗaura gidan sauro tsakanin bedi da turke.
Baba ya kwanta yana duban gabas.
Ya ce, gawon bakin gona bai zubda ganye ba,
da sauran kwana.

To, da sauran kwana.
Na cika kaskon kaji,
na cika tulun ƙofar gida don mai wucewa,
na ɗaura moɗar da zare kada yara su tafi da ita,
na dawo na tsuguna kusa da shi:
Baba, ɗanɗana mini.